Ɗanɗana Kafin Saye: Yadda Ake Buga Wasan Snood da Yi Masa Rajista

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai kilishi ya san al'adar ɗanɗano: a yanko ɗan kaɗan a miƙa wa mai saye, in ya yi masa ya biya, in bai yi masa ba ya wuce ba tare da an ga laifinsa ba. Akwai nau'in manhajar kwamfuta da aka gina cinikinta a kan wannan al'ada. Mai ita yakan sake ta kyauta, ya ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, amma wanda ya ji daɗinta kuma yake son ci gaba da amfani da ita sai ya aika kuɗi, a yi masa rajista. Masu amfani da WinRAR, wadda ke ba da kwana 40 na gwaji, ko Internet Download Manager mai ba da kwana 30, sun riga sun san tsarin ko da ba su san sunansa ba.

Wannan darasi zai ɗauki wasan wasa ƙwaƙwalwa mai suna Snood a matsayin misali. Zai bayyana asalin tsarin, da yadda ake buga wasan, da yadda ake biyan kuɗin rajista ba tare da an yi asara ba, da kuma haɗarin da ke cikin lambobin sata.

Asalin tsarin

A shekarar 1982 wani Ba'amurke mai suna Andrew Fluegelman ya rubuta manhajar sadarwa mai suna PC-Talk. Maimakon ya kai ta kanti, sai ya raba ta, ya roƙi wanda ya amfana ya aika masa dala 25. A wannan shekarar kuma Jim Knopf, wanda aka fi sani da Jim Button, ya bi irin wannan hanya da manhajarsa ta adana bayanai, PC-File. A 1983 Bob Wallace ya fito da manhajar rubutu mai suna PC-Write, kuma shi ne ya yaɗa sunan da tsarin ya shahara da shi, wato shareware, ma'ana manhajar da ake rabawa. A nan za a riƙa kiranta manhajar ɗanɗano.

Dalilin samuwar tsarin a fili yake. Mutum ɗaya da ke rubuta manhaja a ɗakinsa ba shi da kuɗin buga kwali, ko na talla, ko na rabon da masu kanti ke cira. Sai ya mayar da masu amfani da manhajar 'yan tallansa: su ke kwafa a faifan filofi, su ke ɗorawa a allunan sadarwa na wayar tarho da ake amfani da su kafin intanet ta game gari.

Matsalar ita ce mutane kaɗan ne ke biya idan an ba su komai tun farko. Scott Miller na kamfanin Apogee ya magance wannan a 1987 da wasansa Kingdom of Kroz: ya kasa wasan kashi-kashi, ya saki kashin farko kyauta, sauran kuwa sai wanda ya biya. Da wannan dabara Apogee ya sayar da wasanni masu yawa, ciki har da Paganitzu na 1991, wanda shi ma na wasa ƙwaƙwalwa ne. A 1991 ɗin ne Tim Sweeney ya saki ZZT a kan tsarin ɗanɗano, kuma kamfanin da ya taso daga nan shi ne Epic Games mai wasan Fortnite a yau. Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a Disamban 1993, shi ma kashinsa na farko kyauta aka raba shi.

Mene ne Snood?

David Dobson ne ya rubuta Snood a 1996, da farko don kwamfutar Macintosh, daga baya aka fitar da na Windows. Dobson masanin ilimin duwatsu da ƙasa ne, ya koyar a kwalejin Guilford da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Tsarin wasan ya yi kama da na Puzzle Bobble da kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1994, sai dai akwai bambanci guda mai muhimmanci: a Snood babu agogo. Mai wasa yana iya tsayawa ya yi tunani iya son ransa kafin ya harba. Wannan ne ya sa wasan ya karɓu a wurin mutanen da ba sa son wasannin gaggawa, ya kuma yaɗu ƙwarai a tsakanin ɗaliban jami'o'in Amurka.

Yadda ake buga shi

Da an buɗe wasan za a ga fili mai bango biyu, dama da hagu. A sama akwai jerin 'yan fuskoki masu launi daban-daban, suna rataye da rufin filin. Nau'insu na yau da kullum bakwai ne, kowanne da launinsa da siffarsa. A ƙasa kuma akwai igwa ɗauke da fuska ɗaya, a gefenta ana nuna wadda za ta biyo baya. Da linzamin kwamfuta ake juya bakin igwar, a latsa ta harba.

Ƙa'idojin guda huɗu ne. Na farko, idan fuskar da aka harba ta haɗu da irinta har suka kai uku ko fiye a manne da juna, duk sai su ɓace. Na biyu, duk wata fuska da ke rataye a ƙarƙashin waɗanda suka ɓace, wadda ba ta da sauran abin da ya haɗa ta da rufi, faɗuwa za ta yi, ko wane launi ne da ita. Na uku, kowane harbi yana ƙara cika ma'aunin haɗari da ke gefen fili, kuma in ya cika, rufin zai sauko da layi ɗaya, ya turo fuskokin kusa da igwa. Na huɗu, kayar da fuskoki yana rage ma'aunin. Wanda ya share filin kaf ya ci wasa. Wanda ya bari fuskokin suka sauko har suka wuce layin ƙasa, an cinye shi.

Akwai kuma wata fuska mai siffar ƙoƙon kai wadda igwa ba ta taɓa harbo irinta. Tun da ba za a iya haɗa ta uku ba, hanya ɗaya ce ta kawar da ita: a cire abin da take rataye da shi ta faɗo.

Wasan yana da matakai, daga na yara zuwa mai sauƙi, matsakaici, mai wuya, da mafi tsanani. Akwai kuma sashen tsararrun filaye, inda aka riga aka jera fuskokin da gangan don a gwada basirar mai wasa.

Dabarun cin wasa

Kuskuren sabon ɗan wasa shi ne ya riƙa harbin duk inda ya ga launi ya dace. Wannan yana ɓatar da uku-uku, amma ma'aunin haɗari yana ci gaba da cika, domin kowane harbi yana da farashi. Gwani yakan duba sama, ya nemo 'yan fuskoki biyu ko uku da ke riƙe da babban gungu, ya mai da hankali a kansu. Misali, a ce jajaye biyu ne kaɗai suka haɗa fuskoki goma sha biyu da rufi. Ja ɗaya da ta isa gare su za ta ɓatar da uku, ta kayar da sha biyu, ma'aunin ya ja da baya sosai. In da ta ƙasa aka bi, da sai an yi harbi da yawa kafin a kai ga haka.

Dabara ta biyu ita ce amfani da bango. Fuskar da ta bugi bango tana dawowa ne da irin karkatar da ta je da ita, kamar ƙwallon sunuka. Wanda ya gane haka zai iya zagaye gungun da ya tare hanya, ya kai harbinsa wurin da ba a iya kaiwa kai tsaye. Hanyar auna shi ita ce a ɗauka bangon madubi ne, a hango inda hoton wurin da ake nufi zai kasance a bayansa, a saita igwa can.

Ta uku, a riƙa duba fuska mai zuwa kafin a harba ta yanzu. Idan ta yanzu ba ta da amfani, ba a jefar da ita barkatai. Sai a rataye ta a ƙarƙashin gungun da ake shirin kayarwa, don ta faɗi tare da shi, ta ma ƙara yawan abin da aka kayar. Wuri mafi muni da za a ajiye ta shi ne bakin wata kafa da ake buƙata nan gaba.

Ta huɗu, idan ma'aunin ya kusa cika kuma akwai reshe da ya yi tsawo har ya kusa layin ƙasa, a fara rage wannan reshen. Saukowar rufi sau ɗaya ta isa ta kawo ƙarshen wasan da ake gab da ci.

Abin da rajista ke buɗewa

Masu manhajar ɗanɗano suna da hanyoyi kaɗan na tuna wa mutum ya biya. Wasu saƙo kawai suke nunawa duk sanda aka buɗe ko aka rufe manhajar. Wasu suna kulle matakai na gaba, ko su taƙaita adadin wasannin da za a buga a cikinsu, kuma irin wannan taƙaitawa ce ke cikin kwafin gwaji na Snood. Wasu kuwa lokaci suke ƙirgawa. Bayan da kamfanin PopCap ya fara sayar da Bejeweled Deluxe a 2001 a kan kimanin dala 20, gwajin minti 60 ya zama ruwan dare a ƙananan wasannin kwamfuta: awa ɗaya kyauta, daga nan sai an biya.

Kafin a taɓa aljihu, ya kamata a karanta abin da rajistar ta ƙunsa. Kwamfuta nawa lambar za ta yi wa aiki? Ta haɗa da sababbin fitowar wasan, ko ta wannan fitowar ce kaɗai? Ta Windows ce ko ta Mac? Sau da yawa lambar ɗaya ba ta buɗe ɗaya. Amsoshin suna cikin fayil ɗin bayani da ke zuwa tare da wasan, ko a shafin mai shi.

Matakan rajista

A da, mutum yakan buga takardar oda da ke cikin faifan, ya cike, ya haɗa da cakin banki ya aika ta gidan waya, ko ya buga tarho ya karanto lambar katinsa, sannan ya jira faifai ko wasiƙa. Yanzu duk a intanet ake yi, kuma matakan kusan iri ɗaya ne a kowace manhaja.

Mataki na farko, a gwada wasan sosai. Amfanin ɗanɗano ke nan: a tabbatar yana buɗewa, sauti yana fita, linzami yana aiki, a kan ainihin kwamfutar da za a riƙa buga shi. Mayar da kuɗi bayan an karɓi lamba abu ne mai wuya.

Na biyu, a shiga shafin biya ta cikin wasan kansa, ta maɓallin rajista ko na saye, ko kuma a rubuta adireshin mai wasan da hannu. Binciko shi a Google a latsa talla ta farko da ta bayyana hanya ce da 'yan damfara suka daɗe suna ɗana tarko a kanta. A duba adireshin harafi-harafi, a kuma tabbatar ya fara da https, duk da cewa wannan kaɗai ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ce.

Na uku, a rubuta suna da adireshin imel a natse, domin ta imel lambar za ta zo. Idan sunan wani kamfani daban ya bayyana a shafin biya, ba lallai ne cuta ce ba. Ƙananan masu manhaja sun daɗe suna ɗaukar dillalan karɓar kuɗi, irin su Kagi da RegNow a zamaninsu. Abin dubawa shi ne ko shafin mai wasan ne da kansa ya tura mutum can.

Na huɗu, kuɗin yawanci da dala ne. Mai katin naira ko na sefa ya fara tambayar bankinsa ko katin yana biya a ƙasashen waje, da iyakar abin da aka yarje masa, da farashin canjin da za a yi masa. Idan biya ya ƙi, kada a yi ta maimaitawa. A duba asusu tukuna, don kada a cire kuɗi sau biyu.

Na biyar, da saƙon ya iso, a kwafi suna da lambar kamar yadda suke, a liƙa su a gurabensu cikin wasan. In saƙon bai bayyana ba, a leƙa jakar tarkacen imel. Wasu masu manhaja ba lamba suke aikowa ba, ɗan fayil ne da za a saka a jakar wasan, ko kuma adireshin da za a sauke cikakken wasan.

Na shida, a adana rasit da lambar a wuri biyu, ɗaya a imel, ɗaya a takarda. Ranar da aka sake wa kwamfuta babbar manhaja ko aka sayi sabuwa, rajistar za ta ɓace, kuma wannan takardar ce za ta dawo da ita.

Me ya sa lamba ke ƙin shiga?

Yawancin tsofaffin wasannin ɗanɗano ba sa tuntuɓar kowa a intanet don tantance lamba. Lissafi ne ke cikinsu wanda ke ɗaukar sunan mutum ya fitar da lamba, sai su kwatanta ta da wadda aka shigar. Ga misali mai sauƙi na koyarwa kawai, domin na gaskiya ya fi shi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. A ce A ita ce 1, B 2, har zuwa L 12, kuma ƙa'idar ita ce a tara haruffan suna a ninka sau 7. Sunan BALA zai ba da 2 da 1 da 12 da 1, jimla 16, lambarsa 112 ke nan. In aka yi kuskure aka rubuta BALAA, jimla ta koma 17, wasan zai nemi 119, ya ce 112 ba daidai ba ce.

Wannan ya nuna inda matsalar take fitowa. Harafi ɗaya da ya ƙaru, ko tazarar da aka kwafo a ƙarshen suna ba a sani ba, ko babban baƙi a wurin ƙarami, duk suna iya canza sakamako. Sai kuma rikicin harafin O da sifiri, ko harafin l da lamba 1. Haruffa masu lanƙwasa, irin su ɗ da ƙ da ɓ, tsofaffin manhajoji da yawa ba su san su ba, don haka ya fi kyau a yi rajista da sunan da babu su. Idan an duba duk wannan lambar ta ci gaba da ƙi, sai a tabbatar fitowar wasan da ke kwamfuta ita ce aka saya wa lambar, sannan a rubuta wa mai shi tare da lambar rasit.

Sababbin manhajoji kuwa sukan aika lambar zuwa kwamfutar kamfanin don tantancewa, kuma sukan ƙirga na'ura nawa aka yi amfani da ita. Irin waɗannan suna buƙatar intanet a lokacin rajista, kuma raba lambar ga abokai na iya sa a toshe ta.

Lambobin sata da manhajojin fasa kulle

Akwai shafuka da ke raba lambobin rajista kyauta, da ƙananan manhajoji masu ƙirƙiro lamba ko cire kulle. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa wasa ya ɗora a shafi yana da abin da yake nema, kuma irin waɗannan fayiloli suna cikin sanannun hanyoyin shigar da ƙwayoyin cutar kwamfuta, masu satar kalmomin sirrin da ke ajiye a manhajar lilo, ko masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa. Babbar alamarsu ita ce umarnin a kashe manhajar kariya kafin a buɗe su. Mai kwamfutar da ke shiga asusun banki ko ajiye takardun aiki, in ya bi wannan umarni, ya sa dukiyarsa a caca don gudun biyan 'yan daloli.

Ban da haɗari, akwai batun haƙƙi. Mai manhajar ɗanɗano ya yarda a kwafi na gwaji a raba wa duk wanda ake so, har ma yana roƙon a yi hakan. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a raba lambar rajista ko cikakken wasan. Cinikin gaba ɗaya a kan amana ya tsaya, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ko 'yan kaɗan ke bayan wasan, ba wani ƙaton kamfani ba. Wanda ba shi da halin biya yana da zaɓi na halal: ya ci gaba da na gwaji iyakar abin da aka yarje, ko ya nemi wasa irinsa na kyauta, kamar Frozen Bubble, wanda shi ma a kan tsarin harba launi uku aka gina shi.

Idan wasan ya tsufa

Da yawa daga masu waɗannan wasanni sun daina sana'ar, wasu dillalan ma sun rufe, kamar Kagi da ya daina aiki a 2016. Saboda haka kada a taɓa aika kuɗi zuwa adireshin da ke cikin tsohon fayil ba tare da an tabbatar mai shi yana nan kuma yana sayarwa ba. Wasu masu wasannin sun saki aikinsu kyauta daga baya, wasu kuma ana sayar da su a kantunan intanet irin su Steam da GOG.

Ta fuskar na'ura kuma, Windows mai bit 64 ba ya buɗe wasannin DOS kai tsaye. Maganin wannan shi ne DOSBox, manhajar kyauta da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta. Taskar Internet Archive ita ma tana da tarin tsofaffin wasannin DOS da ake iya bugawa a cikin manhajar lilo. Wasan da aka yi don tsohon Windows kuwa, sau da yawa yakan tashi idan an latsa fayil ɗinsa da maɓallin dama na linzami, aka shiga sashen daidaitawa da tsofaffin manhajoji, aka zaɓi Windows XP.

Tsarin ɗanɗano bai mutu ba, wuri ya sake. Wasan wayar salula da ke ba da matakan farko kyauta, sannan ya nemi kuɗi a buɗe sauran ko a cire talla, jikan dabarar Scott Miller ne. Ƙa'idojin da aka zayyana a sama suna aiki a kansa kamar yadda suke aiki a kan Snood: a gwada kafin a biya, a karanta abin da kuɗin zai buɗe, a biya ta hanyar mai wasan, a kuma ajiye rasit.